Tarihin Kyamarar Yawo, Daga Akwatin Katako Zuwa Mara Madubi

Kyamarar yawo ita ce wadda mutum zai rataya a wuya ko ya jefa a jaka ya fita harkokinsa, ya ɗauki duk abin da ya ci karo da shi a hanya ba tare da wani shiri ba. A yau akasarin masu neman irin wannan kyamara suna karkata ne ga wadda ake kira mara madubi. Kafin a gane wannan suna sai an san yadda madubi ya shiga cikin kyamara tun farko, aikin da ya zo yi, da abin da ya sa aka fitar da shi. Tarihin ya kusa shekara ɗari biyu, mafi yawansa ya gudana ne a Faransa da Amurka da Jamus da Japan, kuma matsala ɗaya ce ake ta fama da ita a cikinsa: yadda za a rage wa kyamara girma da nauyi ba tare da hoton ya rage kyau ba.

Kyamarorin farko ba su san yawo ba. A shekarar 1838 Louis Daguerre ya kafa akwatinsa a tagar wani bene a birnin Paris, ya fuskanci titin Boulevard du Temple. Titi ne mai cunkoson mutane da kekunan doki, amma da hoton ya fito sai ga shi fayau kamar an yi shara. Farantin da ke karɓar haske yana buƙatar mintoci da dama kafin hoto ya zauna a kansa, don haka duk abin da ke motsi ya wuce bai bar alama ba. A kusurwar ƙasa ta hagu kaɗai ake ganin wani mutum da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, shi ma don ya daɗe a tsaye ne. Wannan hoto na daga cikin na farko da mutum ya fito a ciki. Hanyar da Frederick Scott Archer ya fitar a Ingila a 1851 ta rage lokacin jira, amma ta ƙara kaya. Sai an shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin maganin ya bushe. Shi ya sa da Roger Fenton ya tafi ɗaukar yaƙin Kirimiya a 1855, keken doki guda ya ja, wanda ya mayar ɗakin wankin hoto. Busasshen faranti, wanda Richard Maddox ya bayyana a 1871, ya raba mai hoto da wannan wahala, amma gilashi yana nan da nauyinsa da saurin fashewa.

George Eastman na birnin Rochester a Amurka shi ne ya sa kyamara a hannun wanda ba sana'arsa ba ce. Kodak ɗin da ya fitar a 1888 akwati ne da ake riƙewa a hannu, ana sayar da shi dala 25 da naɗin fim na hoto ɗari a ciki. Idan fim ya ƙare sai a aika da akwatin gaba ɗaya masana'anta, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a maido wa mai shi. A 1900 kamfanin ya fitar da Brownie a kan dala ɗaya. Wannan ƙaramin akwati ya yi nisan da masu ƙera shi ba su zata ba. Da shi Seydou Keïta na Bamako ya fara ɗaukar hoto a 1935, bayan wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa tsarabarsa daga Senegal. J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya fara da Brownie a 1950, Malick Sidibé kuma ya sayi nasa a 1956, ya riƙa bin wuraren rawar samari da 'yan matan Bamako da dare a kan keke. Sai dai Brownie kyamara ce mai sauƙin gilashi, ba ta da saurin kama motsi, ba ta kuma iya aiki a inda haske ya yi ƙaranci sai da fitila.

Wanda ya haɗa ƙanƙanta da inganci wuri guda shi ne Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Ernst Leitz a garin Wetzlar na Jamus, kamfanin da a lokacin aka san shi da ƙera madubin duba ƙananan halittu. Barnack mutum ne mai son fita daji ɗaukar hoto, amma yana fama da ciwon asma, kuma ɗaukar akwati da ƙafafunsa uku da tulin faranti ya fi ƙarfinsa. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera wata 'yar kyamarar ƙarfe da ke amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. A na'urar silima fim ɗin yana tafiya ne daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto na cin milimita 18 da 24. Barnack ya kwantar da shi yana tafiya a gicciye, ya ninka filin ya zama 24 da 36. Dabararsa ita ce a ɗauki ɗan ƙaramin hoto mai tsananin tsabta, daga baya a faɗaɗa shi a ɗakin wanki, kuma wannan ba zai yiwu ba sai da gilashin gaba, wato lens, mai kaifi ƙwarai. Abokin aikinsa Max Berek ne ya ƙera masa shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, amma Barnack ya ci gaba da yawo da samfurinsa, har ya ɗauki ambaliyar da ta auka wa Wetzlar a 1920, mutane na kutsawa cikin ruwa a titunan garin. A 1924 Ernst Leitz na biyu ya yanke shawarar a ƙera ta don sayarwa, duk da cewa da yawa daga mashawartansa ba su goyi baya ba. An nuna ta a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1925 da sunan Leica, wanda aka haɗa daga farkon sunan kamfanin da kalmar kyamara. Ma'aunin nan na 24 da 36 shi ne har gobe ake kira cikakken fili, kuma da shi ake auna duk sauran.

Abin da wannan kyamara ta sauya ya fi bayyana a hannun Henri Cartier-Bresson. Bayan ya dawo daga Kodebuwa, inda zazzaɓi ya kusa kashe shi, ya sayi Leica a Marseille a farkon shekarun 1930, kuma kusan duk rayuwarsa da lens ɗin milimita 50 ya yi aiki. Yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikin kyamarar da baƙin tef don kada ta ja ido. A 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, ya zura lens ta tsakanin katakon wani shinge ya kama wani mutum yana tsallake kududdufi. Dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwa, inuwarsa na ƙasa tana jiran ta. Shekara 94 ke nan bayan hoton Daguerre, kuma a birni ɗaya. A wancan sai wanda ya tsaya cak yake fitowa, a wannan an kama mutum a sama kafin ya dira. Daga nan hoton titi ya zama fanni mai zaman kansa, da ladubbansa: a yi shiru, a matso kusa, kada a tsayar da mutane daga abin da suke yi.

Leica ba ta da madubi. Mai ɗauka yana leƙawa ne ta wata 'yar taga da ke saman kyamara, daban da lens. Daga samfurin 1932 aka haɗa mata na'urar auna nisa, wadda ke nuna abu biyu-biyu har sai an murɗa lens sun haɗe, alamar saiti ya yi daidai. Tsarin yana da sauri kuma ba ya ƙara, amma yana da aibi. Tagar leƙe da lens ba wuri ɗaya suke kallo ba, don haka idan abu ya matso kusa sai abin da ido ya gani ya saɓa da abin da fim ya ɗauka. Idan kuma aka ɗaura dogon lens na hango nesa, tagar ba ta iya nuna abin da yake gani yadda ya kamata.

Wannan aibi madubi ya zo gyarawa. Ana kafa shi a karkace a bayan lens, ya tare hasken da ya shigo ya tura shi sama zuwa idon mai ɗauka. Da an danna maɓalli sai madubin ya ɗage, ƙyauren haske ya buɗe, hasken ya faɗa kan fim. Ta haka abin da ido ya gani shi ne ainihin abin da lens ya gani, komai tsawonsa. Kine Exakta ta birnin Dresden ta kawo wannan tsari ga fim ɗin milimita 35 a 1936. Contax S ta 1949 ta ɗora dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar a sama, wanda ke miƙar da hoton ya daina zuwa a juye, kuma shi ne tozon nan da ake gani a kan manyan kyamarori. Kamfanin Asahi na Japan ya sa madubin ya riƙa komawa mazauninsa nan take a 1954. Nikon F ta 1959 ta tattara waɗannan duka cikin jiki mai jure wahala, 'yan jarida suka rungume ta, musamman a yaƙin Biyetnam, kuma daga nan jagorancin sana'ar ƙera kyamara ya tashi daga Jamus ya koma Japan.

Madubi yana da nasa farashi. Yana buƙatar ɗaki da zai ɗaga ya sauka a ciki, don haka dole a nisanta lens daga fim. A kyamarorin Nikon masu madubi tazarar milimita 46.5 ce, a na Canon na tsarin EF kuma 44. Wannan ya sa jikin ya yi kauri, ya kuma tilasta wa lens mai faɗin gani ya yi girma fiye da yadda zai kasance. Ɗagawar madubin na yin ƙara, tana girgiza kyamara, kuma a daidai lokacin ɗaukar hoton mai leƙe ba ya ganin komai. Ga mai ɗaukar wasan ƙwallo ko namun daji wannan ciniki ne mai riba. Ga mai yawo a kasuwa ko lungu kuwa asara ce, domin babbar kyamara na sa mutane su gyara tsayuwa ko su kau da kai.

Shi ya sa zuriyar ƙananan kyamarori ba ta yanke ba. Babban gwarzonta a Japan shi ne Yoshihisa Maitani na kamfanin Olympus, wanda tun yana matashi yake da Leica kuma ya san tsadarta. An ba shi aikin ƙera kyamarar da ba za ta wuce yen dubu shida ba. Ya zuba mafi yawan kuɗin a lens, ya sauƙaƙa sauran, ya raba filin Barnack biyu, sai fim mai hoto 36 ya koma ba da 72. Wannan ita ce Pen ta 1959. A 1972 ya fitar da OM-1, kyamara mai madubi wadda ya matse ta ta fi takwarorinta ƙanƙanta da rashin ƙara, sannan a 1979 ya fitar da XA mai murfi da ake zugewa, wadda ke shiga aljihun riga. A Jamus Heinz Waaske ya ƙera Rollei 35, wadda da ta fito a 1966 ita ce mafi ƙanƙantar kyamara mai cikakken fili. Ricoh GR1 ta 1996 ta zama abokiyar tafiyar mai ɗaukar hoto Daido Moriyama a lungunan Shinjuku na birnin Tokiyo.

Kyamarar dijital ta farko Steven Sasson ne ya harhaɗa ta a kamfanin Kodak a 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta fari da baƙi ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset. Shekara ashirin bayan haka Casio QV-10 ta zo da ɗan allo a baya, wanda ke nuna abin da lens yake gani tun kafin a danna. A wannan allo ne ƙarshen madubi ya fara, ko da yake an daɗe ba a lura ba. Fim ba ya nuna komai sai an wanke shi, shi ya sa aka nemi madubi ya nuna wa ido hanya. Sensa kuwa, wato farantin lantarki da ya gaji fim, yana iya aika abin da yake gani zuwa allo a kowane lokaci.

Duk da haka madubi ya ƙara shekaru fiye da goma yana mulki. Nikon D1 ta 1999 da Canon EOS 300D ta 2003, wadda ta sauko ƙasa da dala dubu, jikin kyamarar fim ne aka cire fim aka sa sensa. Dalilai biyu suka riƙe madubin. Na farko, kamfanonin suna da miliyoyin lens a hannun jama'a waɗanda aka ƙera bisa tsohuwar tazara. Na biyu, na'urar da ke saita hoto da kanta cikin sauri tana zaune ne a ƙasan ɗakin madubi, kuma wani ƙaramin madubi na biyu ke tura mata haske. A gefe guda akwai ƙananan kyamarorin aljihu na dijital marasa madubi, amma sensansu bai kai farcen ɗan yatsa ba, hotonsu na dagulewa da zarar magariba ta yi. Wanda ke son babban sensa dole ya ɗauki babban jiki.

A watan Agusta na 2008 Olympus da Panasonic suka sanar da tsarin Micro Four Thirds. Sun bar sensan yadda yake a kyamarorinsu masu madubi, milimita 17.3 da 13, suka cire madubi da ɗakinsa, tazarar lens da sensa ta ragu da kusan rabi, ta dawo ƙasa da milimita 20. Panasonic Lumix G1 ce ta fara fita a ƙarshen shekarar, da tagar leƙe ta lantarki, wato ɗan mitsitsin allo da ake kanga wa ido. Siffarta ta manyan kyamarori ce da aka ƙanƙantar, har da tozo, don kada masu saye su yi mata kallon abin wasa. A 2009, shekara hamsin cif bayan Pen ɗin Maitani, Olympus ta fitar da E-P1 a siffar tsohuwar Pen, Panasonic kuma ta fitar da GF1 da wani siririn lens na milimita 20, irin wanda masu sana'ar ke kira fanke saboda faɗinsa da rashin kaurinsa. Waɗannan biyu su ne suka nuna amfanin tsarin: babban sensa, lens da ake canzawa, a jikin da ke shiga aljihun babbar riga. Gajeriyar tazarar ta kawo wata riba, domin da ɗan zobe na haɗi ana iya ɗaura kusan kowane tsohon lens, na Leica ne ko na Nikon.

Samsung da Sony sun shigo a 2010 da sensa mafi girma, wanda ake kira APS-C. Fujifilm ta bi wata hanya dabam da X100 ta 2011, mai lens guda na milimita 23 da ba a cirewa, da zoben buɗe ido a jikin lens da maɓallin saurin ƙyaure a sama, kamar kyamarorin da. A 2013 Sony A7 ta sa cikakken filin Barnack a jiki mara madubi. Samfuran farko suna da rauni na gaske: saitinsu na da nawa, tagar lantarki na jan ƙafa a duhu, batir na saurin ƙarewa. Matsalar saiti ta warware ne da aka dasa ma'aunan nisa a kan sensan kansa, aikin da madubi na biyu ke yi ya zama ba a buƙatarsa. Canon da Nikon, waɗanda suka fi kowa cin ribar madubi, sun taɓa gwada ƙananan tsare-tsare a 2011 da 2012, amma sai a 2018 suka shigo da gaske da tsarin RF da Z.

Duk wannan ya faru ne kasuwa tana rushewa. Ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 adadin bai kai miliyan goma ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar kyamarar aljihu mai araha. Kodak ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2012, Samsung ta janye daga sana'ar, Olympus kuma ta sayar da sashen kyamararta, wanda daga 2021 yake aiki da sunan OM Digital Solutions. A 2020 ne kuma yawan marasa madubi da aka fitar ya zarce na masu madubi a karon farko.

Mai zaɓen kyamarar yawo a yau yana gadon wannan tarihi ne gaba ɗayansa. Cire madubi ya rage jiki, amma bai rage lens ba, domin girman lens yana bin girman sensan da zai haskaka. Kyamara mai cikakken fili da aka ɗaura wa lens mai zuƙowa tana komawa nauyin da aka guda, shi ya sa masu yawo da yawa suka tsaya a APS-C ko Micro Four Thirds da lens guda ɗan ƙarami. Faɗin ganin da aka fi so bai sauya ba tun zamanin fim: abin da ya yi daidai da milimita 28, 35 ko 50 a ma'aunin Barnack, inda 28 ke kwaso titi da gine-ginensa, 50 kuma ke ware mutum ɗaya. Tagar leƙe tana da amfani a inda rana ke da ƙarfi, domin allon baya na dushewa da tsakar rana, amma tana ƙara girma, kuma wasu samfuran sun bar ta. Ƙyauren lantarki na ɗaukar hoto ba ko motsin ƙara. Batir har yanzu bai kai na masu madubi daɗewa ba, tunda sensa da allo a kunne suke muddin ana leƙe. A yawancin samfura kuma sensan a buɗe yake da zarar an cire lens, abin da ke da muhimmanci a ƙasashen da ƙurar hunturu ke tashi.

A harshen 'yan kasuwa, mara madubi na nufin wadda ake canza wa lens. Bisa wannan ma'ana jerin X100 na Fujifilm da GR na Ricoh ba sa cikin rukunin, ko da yake su ma ba su da madubi, kuma su ne suka fi kusa da abin da Barnack ya ƙera. Ricoh GR III ta 2019 tana ɗauke da sensan APS-C a jiki mai nauyin giram 257. X100V ta 2020 ta yi farin jini a wajen matasa ta hanyar TikTok har ta yi wuyar samu a shaguna, kuma magajiyarta X100VI, wadda ta fito a 2024 da megafiksel 40 da na'urar hana girgiza a cikin jiki, ita ma masu saye sun yi watanni suna jiran layi kafin ta iso hannunsu.